Tsiron Inna Ige

Ranar da kuka zo gaishe ni, ku 'yan matan makarantar koyon aikin lafiya, na ji abin da mai jan gyalen nan ta raɗa wa ƙawarta. Cewa ta yi, ashe dama kunu ma aiki ne, har da fansho. Idona ne ya yi rauni, kunnena garau yake. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi bayan fitarku, don ni ma haka na ɗauki abin ranar da na fara. Shi ya sa na sa aka kawo mini takarda in rubuta muku yadda aikin yake, ku karanta kafin a tura ku ƙauye ku je ku ba ni kunya. Sunana Kulu, amma a Sakkwato ta wancan lokaci Malamar Kunu aka fi sanina da shi.

Kunun farko da na dama a bakin aiki, zubar da shi aka yi. Zamanin soja ne, ana ta buɗe ɗakunan awon yara, aka ce ana neman mace 'yar gari wadda ta iya karatu da rubutu, ta kuma san yadda ake magana da matan cikin gida. Shugabar ɗakin da aka tura ni Sista Rahila ce, mutuniyar wajen Jos, Kirista, doguwa, mijinta malamin makaranta. Ko takardata ba ta duba ba. Ta nuna mini ƙullu da tukunya ta ce in dama mata abin da zan ba yaro ɗan wata bakwai. Na ce a raina, yau ga banza ta faɗi. Na tace gasara sau biyu, na dama koko siriri mai santsi, irin wanda ake yabon mace a kansa, na kawo ina taƙama. Ta sa cokali ta ɗebo, ta karkata shi, koko ya tsiyaye tas.

"Kulu," in ji ta, "wannan ai ruwan wanke ludayi ne. Dunƙula hannunki in gani."

Na dunƙula.

"To, cikin yaro bai wuce haka ba. In kin cika shi da ruwa, ina abinci zai zauna?"

Duk shekarun da na yi ina aiki, a kan wannan tambaya na yi su. Kunun yaro sai ya kama cokali, in an karkata ya sauko a hankali, guda-guda. Cokalin nan na Sista yana nan cikin adakata har yau, bakinsa ya cinye gefe ɗaya saboda kankarar tukunya.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai sikeli da muke ratayewa a jikin azara, da ɗan wando na yadi mai kauri da ake zura yaro a ciki yana wutsil-wutsil. Akwai kati mai layi, wanda muke ɗiga wa alama duk wata, uwa ta ga ko ɗanta hawa yake ko gangara. Sai turmi, matankaɗi, muciya, da risho sabo fil da hukuma ta ba mu. Rishon nan wata biyu na yi ina alfahari da shi, sai wata tsohuwa ta ce mini, "Kunun risho na, Malama, mu murhu gare mu." Na bincika, ashe rabin matan sun ɗauka in ba a kan risho ba kunun ba ya yiwuwa. Washegari na kafa duwatsu uku a gindin dogonyaro, na sa aka kawo kara da itace. Risho ya koma dafa wa Sista shayi.

Haɗin garin kuwa, gwangwani uku na gero, ɗaya na wake, ɗaya na gyaɗa. Da baki abu ne mai sauƙi. Amma wake sai an surfa shi an fitar da ƙowa, a shanya, a soya shi shi kaɗai sama-sama har ƙamshinsa ya canja. In kin yi gaggawa kin bar shi da ɗanye, cikin yaro zai kumbura, uwarsa ba za ta sake taka ƙofarki ba, kuma za ta gaya wa duk unguwarsu. In kin bari ya ƙone, yaro ya tofar. Gyaɗa a tsince ta ɗaya-ɗaya a zubar da mai baƙi da mai ɗaci. Gero ma a soya shi daban. Sannan a haɗa a kai niƙa, a tankaɗe. In an dama, a ɗiga manja, ranar da aka samu a barbaɗa garin busasshen kifi ko na zogale. Hancina ya saba har daga bakin ƙofa ina iya gaya wa mace cewa wakenta bai soyu ba.

Talata da Alhamis ake cika. A shekarar da nake son ba ku labari, mata iri biyu ne ke zama a kan bencinmu. Ga matan ma'aikata, waɗanda aka yi wa mazajensu ƙarin albashi aka haɗa musu da ariyas, wato kuɗin watannin baya. Kai, gari ya ga kuɗi! Babur sabo, rediyo sabuwa, kuma kowace mace da bulumboti, kwalbar shayar da jariri, da gwangwanin madarar gari a jaka, wai shayarwa ƙauyanci ne. In wata ya yi nisa madara ta ja baya, sai a riƙa ɗiba kaɗan ana cika ruwa. Ga zafin Sakkwato, kafin azahar abin da ke cikin kwalbar ya yi tsami. Wata matar akawu ta zo da ɗankunnen zinariya har kafaɗa, ɗanta yana ta zawo, tana ce mini maita ce. Na kwance bakin bulumbotin na kai mata hanci, na ce ga mayyar nan. Ta yi kwana uku ba ta gaishe ni, a na huɗu ta zo da kofi da cokali.

Ɗaya irin kuwa matan ƙauye ne, daga Dundaye, daga Wamakko, daga ko'ina. Fari ya wuce ya bar rumbuna wayam, shanu sun mutu, nono ya yi wuya. A lokacin na san tamowa ido da ido. Wani yaro ya bushe, wani kuma ya kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya kuka sosai, ba ya dariya sam. Sista ta koya mini in danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro in ƙirga uku. In na ɗaga rami ya zauna, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma kwanakinsa a ƙirge suke in ba a tashi tsaye ba.

A nan kununa ya ba ni kunya. Yaro mai lafiya yana shan mai kauri yana lashe baki. Amma wanda tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya iya haɗiye shi. Ya riƙe a baki, ya yi kakari, ya juyar da kai. Uwa ta koma gida ta ga ɗanta ba ya ci, sai ta ƙara ruwa har ya koma kokon da Sista ta zubar mini. Mai kauri ba ya wucewa, mai ruwa ba ya ƙosarwa. Ni da Sista mun gwada tacewa, mun gwada ƙara mai, mun gwada niƙa sau biyu. Wata da watanni muna wannan fama, muna rasa yara.

Cikin duk ɗalibaina ba wadda nake ji da ita kamar Hassi, matar wani birkila da ke zaune kusa da Hubbare. Ɗanta Arzika ɗan fari ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai dai ta ce "wancan". Amma kunu ta iya shi har ta fi ni soya wake. Katin Arzika nake ɗagawa in nuna wa sauran mata, layinsa na hawa ba tangarɗa. Yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ya fara tafiya yana kama benci, sai na daina ganinsu. Aiki ya yi mini yawa ban bi sawu ba. Bayan kusan wata uku na hango Hassi a layin masu awon ciki, bayanta ba goyo.

"Hassi, ina mutumina?"

Ta sunkuyar da kai. "Shina Dundaye, wurin Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka gane ina da ciki. Anka ce kar shi sha ciki, anka yaye shi."

"Kin je kin gano shi?"

Ta murza bakin gyale. Can ta ce, a hankali, "Malama, da wane ido? Ɗan hwari na. Amma wata tac ce min ya yi ƙiba, har ƙahwahunai sun cika."

Nan take na ga kuskuren da muka shekara muna yi. Mun zauna muna koya wa iyaye mata, alhali ranar yaye ɗaukar yaro ake yi a kai shi gidan kakarsa, a raba shi da nono da uwa rana ɗaya. Daidai lokacin da kunu ya zama shi ne dukan abincinsa, ludayin yana hannun wadda ba ta taɓa zama a bencinmu ba. Sista baƙuwa ce, tana da uzuri. Ni fa? Ni da aka yaye ni a ɗakin kakata, na kuma kai nawa 'ya'yan wurin tasu kakar da hannuna. Abin yana gabana kullum, shi ya sa ban gan shi ba.

Zuwana Dundaye na farko, da farin kaya na je, da kati, da garin kunu a gwangwani, da baki cike da wa'azi. Inna Ige, mahaifiyar Hassi, gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin murya. Kunun zaƙi take yi, ana ɗaukar mata shi a tuluna zuwa Hubbare ana sayar wa masu ziyara. Na tarar da Arzika zaune a tabarma inda aka ajiye shi, yaron da ke bin benci da gudu. Fuska ta cika, gashi ya yi ja. Na kira shi, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na danna ƙafarsa na ƙirga uku, rami ya zauna. Na ce, Inna, yaron nan asibiti za a kai shi yau.

"Asibiti? Mi as same shi? Ɗan abin da yash sha na ciki na, shi ka hita. Ina ba shi jiƙo, ina ba shi koko sahe da marece."

"Inna, kokon ne ba ya riƙe shi. Ruwa ne."

"Ke wagga yarinya! Ɗiya goma sha ɗaya niy yaye cikin ɗakin ga. Ke nawa kinka yaye? Ɗan yaye ba shi komawa birni shi ga uwatai, shi tuna nono. Ba a yi."

Na ce bari in nuna mata. Na karɓi wuta na dama kununa mai kauri, na kai wa Arzika cokali. Ya riƙe a baki, ya yi kakari, ya dawo da shi a kan farin kayana. Inna Ige ta yi dariya har da tafa hannu.

"Tau, Malamar Kunu, wanga tuwo na ko kunu? Kashe min jika za ki yi?"

Ta ɗauko kokonta siriri, ta kwantar da shi a cinya ta tara hannu a bakinsa ta yi masa ɗura. Ya sha, don ruwa ba ya bukatar ƙarfi. Na dawo gari ina huci, na gaya wa Sista a nemi mai gari a ɗauko yaron da ƙarfin hukuma, tunda zamanin soja ne, wa zai ja? Sista ta ce in mun ɗauke wannan da ƙarfi, ba kakar da za ta sake bari mu ga jikanta. Ta ce, "Gobe ki koma. Ki cire farin kayan nan. Kada ki koya mata komai, ki gaishe ta kawai, ki ga abin da Allah zai yi."

Na koma da sassafe cikin atamfa, da goro a ƙulle. Na durƙusa na gaishe ta na ba ta haƙuri. Ta karɓi goron ba ta dube ni ba, ta ce tunda na zo in kama mata aiki. Kunun zaƙin ranar take haɗawa. Ta sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara cikin wata ƙatuwar tukunya, ta ba ni muciya. Na tuƙa har kafaɗata ta yi tsami. Abin ya yi kauri ƙwarai, na saki muciya ta tsaya cak a tsakiya. Ta bar shi ya sha iska, tana taɓa gefen tukunyar da bayan hannu. Can ta ɗauko wata 'yar ƙwarya, ta ɗebo wani ƙullu ludayi ɗaya tak, ta zuba, ta ce in juya.

Ina juyawa ina jin muciya tana sakin hannuna. Na ɗauka gajiya ce ta sa na daina jin nauyi. Na sake juyawa. Jama'a, abin da ya tsayar da muciya yanzun nan ya narke, yana zagaya tukunya yana ƙara kamar madara! Na ɗaga muciya, ya zubo shar. Na leƙa ƙarƙashin tukunya, na duba bayan Inna ko akwai tulu.

"Inna! Ruwa kika ƙara?"

"Wane ruwa? Ba gabanki niz zuba ba?"

"To me kika sa?"

"Tsiro mana. Ke, duk karatun naki ba ki san tsiro ba?"

Ta kai ni bayan ɗaki ta ɗaga wani jiƙaƙƙen buhu. Ga shinkafa 'yar fadama, mai ɓawo, ta fitar da fararen saiwoyi. Ta ce jiƙa ta take yi kwana ɗaya, ta tsane, ta rufe da buhu tana yayyafa ruwa har kwana uku, in ta tsira ta shanya ta bushe ƙayau, ta murje saiwar, ta daka. Gero ma yana yi, dawa ma tana yi. Na sha kunun zaƙi tun ina yarinya, na san ana sa tsiro don zaƙi, amma ban taɓa tsayawa a kan tukunyar na ga abin da yake yi wa kauri ba. Geron da ke cikin tukunyar nan bai ragu da ƙwaya ɗaya ba, ruwa bai ƙaru ba, amma ga shi ana iya kurɓa. Abin da ni da Sista muka yi watanni muna nema, ga shi a bayan ɗakin tsohuwar da na zo yi wa wa'azi.

Na ce, "Inna, don Allah ki ba ni kaɗan in gwada a nawa."

"Ga tuwon naki? Ɗebi."

Da sauran garin da na bari jiya na dama kununa, mai wake da gyaɗa, na ƙara masa kauri da gangan. Yana tafasa a kan wuta na zuba tsiro, don ɗoki. Na juya, na juya, shiru. Kunu ya tsaya ƙiƙam. Inna Ige ta riƙe baki.

"Kin kashe shi. Tsiro rai gare shi, ba a sa shi ga wuta. Sauke, ki bari shi huce har ki iya aza hannu ga tukunya. Ba ni nan, ke ba ki da haƙuri."

Ta ture ni ta zauna a kujerata. Ta jira, ta taɓa, ta jira. Ta ɗebi garin tsiro da yatsu uku ta barbaɗa, ta juya. Muna kallo ya saki. Na yi guɗa, wallahi, ni da ban iya guɗa ba, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na roƙe ta mu mayar da shi wuta ya sake tafasa saboda cikin yaro, ta ce wannan kuma ruwana, in dai ya riga ya saki ba ya komawa. Da ya huce na ɗiga manja, na miƙa mata ƙaramin ludayi, na ce ita za ta ba shi, amma a zaune, ba ɗura.

Ta ɗora Arzika a cinya ta kai masa baki. Ya ɗanɗana ya tsaya. Tsiro ya sa masa ɗan zaƙi. Ya haɗiye. Ta sake kai masa, ya haɗiye. A na huɗu ya ɗago hannunsa mai kumburi ya riƙe ludayin. Bai sha da yawa ba, amma abin da ya shiga cikinsa abinci ne.

"Kin gani?" in ji Inna Ige. "Kununki ba shi da laihi, hannu na bai samu ba."

Na ce gaskiya ne. Na ce kuma Sista ba za ta yarda da bakina ba sai ta gani da idonta, ga mata cike da benci ba wadda ta san wannan, ko Inna za ta daure ta zo ta koya mana? Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce ita ba ta da lokacin yawo, amma tunda abin ya gagari masu farin kaya, za ta zo. Ta dubi Arzika ta ce ba ta da wanda za ta bar wa shi, dole ta goya shi. Nan take na shiga tattara mata kaya.

Ranar Sista Rahila ta tsaya a gindin dogonyaro ta ga muciya ta tsaya, ta ga ta faɗi. Ta karɓi cokalinta ta ɗebo ta karkata, kunu ya zubo, ta dube ni, don ta san gwangwani nawa na gari na zuba a gabanta. Ta ce, "Yesu!" Ta rungume Inna Ige, tsohuwa tana ture ta tana cewa za ta ɓata mata kallabi. Kafin a gama hayaniya Sista ta kwance Arzika daga bayan kakarsa ta shige da shi ciki. Ta ba shi magani, ta sa aka lulluɓe shi, ta tsara a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a fara da mai sauƙi kafin a kai ga cikakken haɗin. Aka ba su ɗaki a bayan wurin awo. Inna Ige ta ce kwana biyu za ta yi.

A kwana na biyar ta kusa tafiya da shi. Mun sa shi a sikeli, nauyinsa ya ragu, ƙafafu sun saɓe, haƙarƙari ya fito. Ta ɗaure kayanta tana faɗa, wai ta kawo jika da ƙibarsa mun tsotse shi. Na kama hannunta na ɗora babban yatsanta a ƙafarsa, na ce ta danna ta ƙirga uku. Ta ɗaga, ba rami. Na ce ruwan ne ya fita, yanzu za a fara gina yaro. Ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta kwance ƙullin kayan ta ce saura kwana biyu. Bayan mako guda ina wucewa da matankaɗi a ka, ya faɗo ya gangara, sai na ji wata 'yar dariya daga tabarmar Arzika. Sista ta fito da gudu daga ofis, don ta sha gaya mini cewa ranar da mai tamowa ya yi dariya ya juyo ke nan.

Daga nan muka sauya tsari. Laraba ta zama ranar kakanni, Inna Ige ce a kan kujera, ni ina miƙa mata ludayi tana yi mini faɗa a gabansu. Tsofaffin da ba za su saurari yarinya mai farin kaya ba sun saurare ta. Duk uwar da ta zo awo kuma, tambayar farko da nake mata ita ce, in an tashi yaye gidan wa za a kai shi? Sai in ce ta turo mini kakar tun kafin ranar.

Hassi fa, duk kwanakin nan ba ta shiga ɗakin ba. Kullum tana zuwa, wai awon ciki, har mai awon ta gaji da ita. Ta zauna a ƙarshen benci ta ba ɗakin baya. In na zo wucewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malama, wancan ya ci?" In ce ya ci. Ta ce to, ta tashi ta tafi.

Wata Laraba, muna gindin dogonyaro, Inna Ige na tsakiyar bayani, tsofaffi sun kewaye tukunya. Arzika yana zaune kusa da ƙafarta. Sai na ga ya dafa turmi ya miƙe. Rabonsa da tsayuwa tun kafin in je Dundaye. Ya saki turmi, ya yi taku ɗaya, ya yi biyu, yana tangaɗi, ya nufi bencin da Hassi ke zaune. Kowa ya bi shi da kallo. Ya ratsa tsakar wurin nan gaba ɗaya da 'yan ƙafafunsa, ya je ya kama zanen Hassi ta baya, ya kifa kansa a jikinta.

Hassi ta daskare. Ga mahaifiyarta, ga tsofaffin Dundaye da na Wamakko, duk ido a kanta. Hannunta ya taso ya koma, hawaye na zuba, ba ta juyo ba. Na dubi Inna Ige, na ga ita ma ta gani. Sai tsohuwar nan ta ja kujerarta ta juya wa benci baya, ta ɗaga muciya ta daka wa sauran tsawa.

"Ku mi kuka kallo can? Nan za ku duba! Ni dai tukunya nika kallo, ban ga kowa ba."

Tsofaffi suka juyo gaba ɗaya suka sa ido a tukunya, ni ma na juyo. Muna kallon kunu yana saki, muna jin Hassi a bayanmu ta ɗauke shi, tana kiran sunansa a hankali.